Daga Majalisar Rum Zuwa Gidan Sardauna: Cin Amana, Buri da Mugunta a Wasan Yuliyas Kaisar

Laccar da aka gabatar wa malamai, ɗalibai da matasa a Unguwar Mu'azu, Kaduna

 

Wannan lacca za ta ɗauki wani tsohon wasan kwaikwayo da aka rubuta a Ingila fiye da shekara 400 da suka wuce, ta ajiye shi kusa da abin da ya faru a wannan gari na Kaduna a daren 15 ga Janairu, 1966. Manufarta ita ce ta nuna cewa kisan shugaba yakan shigo ne ta ƙofar amana, masu yinsa sukan yi masa riga da kishin ƙasa, kuma waɗanda suka fi shan wahalarsa daga baya su ne mutanen da ba a yi shawara da su ba.

Wasan da marubucinsa

Wiliyam Shekspiya ya rubuta wasan Yuliyas Kaisar wajen shekarar 1599, kuma a wannan shekarar wani baƙo daga ƙasar Suwizalan mai suna Thomas Platter ya rubuta cewa ya kalle shi a Landan. Marubucin bai ƙirƙiri labarin ba. Ya samo shi ne daga tarihin da Bagirke Fulutak ya rubuta a kan manyan mutanen Girka da Rum, wanda Thomas North ya mayar Ingilishi a 1579.

Kaisar janar ne da ya ci ƙasashe da yaƙi, ya kayar da abokin hamayyarsa Fomfi a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tattara iko a hannunsa har aka naɗa shi mai mulki na har abada. Ranar 15 ga Maris, shekara ta 44, 'yan majalisa kimanin 60 da suka ƙulla makirci suka rutsa shi a zauren taro. Masu tarihi sun ce sara da suka 23 aka ƙirga a jikinsa.

Shugabannin Afirka sun daɗe da ganin kansu a cikin wannan wasa. Julius Nyerere ya fassara shi zuwa Suwahili, aka buga a 1963 yana kan mulkin Tanganyika. A kurkukun tsibirin Robben, inda fursunoni suka riƙa zaɓar wurin da ya fi burge su a wani kundin Shekspiya suna sa hannu, wani sashe na wannan wasan Nelson Mandela ya zaɓa a watan Disamba, 1977.

Mai hassada, mai suna, da mai buri

Kasiyas ne tushen makircin. Idan aka saurari hujjojinsa da kyau, za a ji cewa ciwon ransa ya fi ciwon Rum yawa a cikinsu. Yana ba da labarin ranar da ya ceci Kaisar daga nutsewa a kogin Taiba, da lokacin da ya gan shi yana rawar ɗari da zazzaɓi a Andalus, yana mamakin yadda mutum mai rauni irin wannan ya fi shi ɗaukaka. Hassada ce tsagwaronta. To amma Kasiyas ya san jama'a ba za su bi mai hassada ba, dole ya nemo mutumin da kowa ya yarda da gaskiyarsa. Sai ya rubuta wasiƙun ƙarya da salon rubutu daban-daban, kamar talakawan Rum ne suka aiko, ya sa aka jefa su ta tagar Burutus.

Burutus shi ne wanda wasan ya fi tsayawa a kansa. Mutum ne mai mutunci, ba ya karɓar hanci, kuma Kaisar yana ƙaunarsa. A tarihi, shi da Kasiyas duk sun yi yaƙi a ɓangaren Fomfi, Kaisar ya yafe musu, ya ba su muƙamai. Da Burutus ya zauna shi kaɗai cikin dare yana auna lamarin, da bakinsa ya yarda cewa bai ga laifin da Kaisar ya riga ya yi da ya kai a kashe shi ba. Sai ya yanke hukunci a kan abin da yake tsoron Kaisar zai zama idan ya sa kambi. Ya hana a yi rantsuwa, ya hana a kashe Antoni aminin Kaisar, ya ce yana so a ɗauke su masu yin hadaya don ƙasa. Duk wannan ado na magana bai sauya komai ba: wuƙarsa ta shiga jikin mutumin da ya bar shi da rai. Fulutak ya ce da Kaisar ya ga Burutus cikin masu wuƙaƙe, sai ya daina kare kansa, ya ja mayafinsa ya rufe fuska.

Akwai wani maci amana da masu karatu kan manta da shi, wato Desiyas. A safiyar ranar, Kalfurniya matar Kaisar ta yi mugun mafarki, ta roƙe shi ya zauna gida, har ya amince. Desiyas, aminin da yake shiga gidan ba shamaki, shi ya juya fassarar mafarkin, ya ce majalisa na shirin ba shi sarauta, kuma za a yi masa dariya idan aka ji tsoron mace ya tsare shi. Shi ya fito da shi daga gida ya kai shi mahallaka. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Shekspiya bai wanke Kaisar ba. Ya nuna shi da girman kai, yana watsi da gargaɗin mai duba, yana ƙin karanta takardar da ke ɗauke da sunayen maƙiyansa. Bai wanke Antoni ba shi ma. Antoni ya roƙi izinin yin jawabin jana'iza, ya riƙa yabon masu kisan da baki yana zuga jama'a a kansu, ya ɗaga rigar da wuƙaƙe suka huda, ya karanta wasiyyar da ta ba kowane ɗan Rum dirhami 75. Da gari ya kama da wuta, sai aka gan shi zaune da abokan mulkinsa Oktabiyas da Lefidus suna rubuta sunayen waɗanda za a kashe, har da 'yan uwansu na jini, yana kuma neman yadda za a rage kuɗin wasiyyar da ya yi wa talakawa kuka da ita.

Daren Damisa

A farkon 1966 Nijeriya tana cikin matsala ta gaske. An yi rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, an yi zaɓen tarayya na 1964 da wasu jam'iyyu suka ƙaurace masa, an yi tarzoma a ƙasar Tibi, kuma bayan zaɓen Oktoba 1965 Jihar Yamma ta rikice da ƙone-ƙone. Ana zargin 'yan siyasa da cin hanci. Waɗannan su ne hujjojin da wasu ƙananan hafsoshin soja suka riƙe.

Wanda ya jagoranci aikin a Kaduna shi ne Manjo Chukwuma Nzeogwu. A nan garin aka haife shi a 1937, har sunan Kaduna ya zama laƙabinsa. Ya yi karatu a kwalejin St. John's, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rimi, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, yana jin Hausa kamar jakin Kano. A lokacin shi ne babban malami a kwalejin horar da sojoji ta Kaduna. An san shi da tsare kai, ba ya shan giya, kuma na ƙasa da shi suna girmama shi. Irin sunan da makirci ke bukata ke nan.

Ya shirya atisayen dare da aka sa wa suna Damisa. Yawancin sojojin da suka fita, ciki har da 'yan Arewa, sun ɗauka horo ne irin wanda suka saba. Sai da dare ya raba, aka tunkari gidan Sardauna, Firimiyan Arewa, sannan da yawansu suka gane inda aka dosa. Wannan ita ce amana ta farko da aka ci a daren: amanar ɗalibi da ya bi malaminsa.

Watan azumi ne, kuma Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, bai daɗe da dawowa daga Umra ba. Ranar 14 ga wata Firimiyan Yamma, Cif Samuel Ladoke Akintola, ya zo Kaduna ya gana da shi a kan halin da ƙasa ke ciki da raɗe-raɗin juyin mulki. Kafin asubahin 15 ga wata an buɗe wa gidan Sardauna wuta da manyan bindigogi. An kashe Sardauna, an kashe uwargidansa Hafsatu wadda ta ƙi rabuwa da shi, an kashe dogarinsa Zarumi. A wani gefen garin, Manjo Timothy Onwuatuegwu ya shiga har ɗakin barcin Birgediya Samuel Ademulegun, kwamandan birged ta ɗaya, aka harbe shi tare da matarsa Latifat. An kashe Kanar Ralph Shodeinde shi ma. A Ibadan aka kashe Akintola. A Legas aka kama Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, kuma bayan kwanaki aka tsinci gawarwakinsu a gefen hanyar Abeokuta. Kwana uku kacal kafin nan Tafawa Ɓalewa ya sallami shugabannin ƙasashen rainon Ingila da suka yi taro a Legas kan batun Rodeshiya.

Da rana ta yi, Nzeogwu ya yi jawabi ta gidan rediyon Kaduna. Ya ce maƙiyansu su ne masu cin riba da siyasa, masu karɓar kashi goma cikin ɗari, masu ƙabilanci da masu raba kan ƙasa, ya yi alkawarin Nijeriya da ba za a ji kunyar kiran sunanta ba. Wanda ya karanta jawabin Burutus a dandalin Rum zai gane muryar. Duka biyun sun tsaya gaban jama'a da jini a hannu suna bayanin cewa don ƙasa suka yi.

Maimalari da Ifeajuna

Nzeogwu ba aminin Sardauna ba ne kamar yadda Burutus yake ga Kaisar. Amanar da ya ci ita ce ta rantsuwar soja da ta garin da ya raine shi. Wanda ke neman Burutus na wannan dare, a Legas zai same shi.

Birgediya Zakariya Maimalari, ɗan ƙasar Borno, yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka yi Sandhurst, kuma shi ne kwamandan birged ta biyu. Babban hafsan da ke kula da ofishinsa shi ne Manjo Emmanuel Ifeajuna, sanannen ɗan wasa da ya ciwo wa Nijeriya lambar zinariya a tsallen sama a wasannin ƙasashen rainon Ingila na 1954 a Vancouver, har ana buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. A daren 14 ga wata Maimalari ya yi liyafa a gidansa, hafsoshi suka ci suka sha, har da wasu daga cikin masu makircin. Da aka zo kama shi, ya tsallake ya tsere da ƙafa. A kan hanya ya hangi motar Ifeajuna, ya ɗauka ceto ne ya zo, ya tsayar da ita da hannunsa. Nan aka harbe shi.

A wannan dare aka kashe Kanar Kur Mohammed, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Yakubu Pam, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe. Babu ɗayansu da ya tsaya zaɓe ko ya murɗe ƙuri'a. Abokan aiki ne da aka kawar don kada su tsaya a hanya.

Abin da wuƙa ta haifa

Burutus ya kashe Kaisar don ya ceci jamhuriya. Shekara biyu bayan haka, a 42, shi da Kasiyas suka sha kashi a Filibi, kowannensu ya hallaka kansa. Kafin nan wasan ya nuna su a cikin tanti suna cacar baki, Burutus yana zargin Kasiyas da sayar da muƙamai, alhali yana neman kuɗi a wurinsa don ya biya dakarunsa. A shekara ta 27 Oktabiyas ya zama Agustas, sarautar da aka zubar da jini don a hana ta kafuwa ta kafu daram, jamhuriyar Rum ba ta sake dawowa ba.

A Nijeriya mulki ya faɗa hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. An tsare masu juyin amma ba a gurfanar da su ba, abin da ya ƙara wa Arewa ciwo. Ranar 24 ga Mayu, 1966, aka fitar da doka mai lamba 34 da ta rushe tsarin jihohi, kwanaki kaɗan bayan haka tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi a Ibadan. A Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a Arewa. Ranar 30 ga Mayu, 1967, aka ayyana Biyafara, yaƙi ya fara a Yuli, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu, 1970, shekara huɗu cif bayan daren Damisa. Nzeogwu ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a Yulin 1967, aka kawo gawarsa maƙabartar sojoji ta Kaduna. Ifeajuna kuwa, gwamnatin Biyafara ce ta harbe shi a Inugu a Satumbar wannan shekarar bisa zargin cin amana. Farar hula ba su sake karɓar mulki ba sai 1 ga Oktoba, 1979, kuma cin hancin da aka ce za a kawar yana nan.

Ƙofar da aka buɗe ba ta rufu da wuri ba. An harbe Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A Burkina Faso an kashe Thomas Sankara ranar 15 ga Oktoba, 1987, kuma a 2022 kotu ta yanke wa tsohon amininsa Blaise Compaoré ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A Nijar, dakarun da ke tsaron Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara ne suka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilu, 1999. Musulmi kuma sun san irin fitinar da kisan Sayyidina Usman (RA) a shekara ta 35 bayan Hijira ya buɗe.

Mawaƙin da aka kashe saboda sunansa

Akwai wata 'yar gajeriyar fitowa a wasan da ta fi kowace dacewa da mutanen Kaduna. Bayan jawabin Antoni, gungun masu tarzoma suka tare wani mutum a titi, suka tambaye shi sunansa. Ya ce Sinna. Cikin masu makircin akwai wani Sinna, amma wannan mawaƙi ne, abokin Kaisar, jana'izarsa ma zai tafi. Ya yi ta yi musu bayani, suka ce sunan ya isa, suka yayyaga shi. Fulutak ya kawo wannan a matsayin abin da ya auku.

Haka aka yi wa ɗan kasuwa da ma'aikacin jirgin ƙasa da malamin makaranta da aka kashe a Sabon Garin Kano, da Zariya, da Kaduna a 1966. Ba su san da Damisa ba. Tarihi ya nuna cewa Unegbe da aka kashe a daren Ibo ne, Manjo Adewale Ademoyega da ke cikin jagororin juyin Bayarabe ne, kuma Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, da ke riƙe da bataliya ta biyar a Kano, bai ba Nzeogwu haɗin kai ba. Masu laifin suna da sunaye, mutum-mutum ne, kuma su ya kamata shari'a ta kama.

Wannan gari ya sake ganin mutuwar Sinna a rikice-rikicen Fabrairun 2000, da Nuwamban 2002, da Afrilun 2011. An tare mutane a hanya an tambaye su suna ko addini. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya suka rabu, unguwanni suka ware, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Dattawan da ke wannan zaure sun ga haka da idonsu. Wasiƙun ƙaryar da Kasiyas ya jefa ta taga kuwa, yau ta WhatsApp da Facebook suke shigowa, da tsohon hoto da muryar da ba a san mai ita ba.

Adawa ba tare da jini ba

Kada a fahimci wannan lacca da cewa shugaba ya fi ƙarfin suka. Sardauna ya bar ayyuka da ake gani: Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, masaƙar Kakuri da ta ciyar da dubban iyalai, da jaridar New Nigerian da ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966. Duk da haka yana da 'yan adawa masu zafi, kuma sun sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan En'e. Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU sun yi shekaru suna faɗa da tsarin da yake jagoranta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama. Makamansu su ne lacca, waƙa, jarida da ƙuri'a. Sun jure ɗauri da duka, ba su ɗauki bindiga sun shiga ɗakin barcin kowa ba, kuma a 1979 jam'iyyar PRP da ta gaji aƙidarsu ta ci gwamnan Kano da na Kaduna ta akwatin zaɓe. Yau ana kiran sunayensu da girmamawa a kowane ɓangare.

Kira

Ga malamai: a koyar da wannan wasa tare da tarihin 1966, a kai ɗalibai Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar adana tarihi a 1970, su tsaya a inda abin ya faru, su karanta takardun da kansu. Ga marubuta da masu shirya wasan kwaikwayo da fim: labarin Maimalari da na Hafsatu suna jiran wanda zai rubuta su da Hausa cikin adalci, ba tare da cusa ƙiyayyar wata ƙabila ba.

Ga iyaye: a faɗa wa yara gaskiyar abin da ya faru, har da ɓangaren da ba ya yi wa namu daɗi.

Ga matasan Unguwar Mu'azu da na maƙwabta, Kabala da Tudun Wada da Kinkinau: duk wanda ya zo muku da zancen ceton ƙasa ko ceton addini, alhali hanyarsa ta bi ta kan jinin wani, ku tambaye shi abin da zai samu, ku ƙi bin sa. Saƙon da ba ku san tushensa ba, kada ku tura. Ku yanki katin zaɓe, ku shiga ƙungiyoyi, ku tuhumi shugabanni da hujja a fili. Ranar da gari ya rikice kuma, ku tsare maƙwabcinku ko wane ne shi, ku hana a taɓa mutum saboda sunansa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da Kaduna da Nijeriya lafiya.